Kumbon Talaka: Dalilin da Ya Sa Nake Kare Faifan Space Ritual

Wata Asabar da yamma ina ɗaki na kunna kiɗa, sai wani abokina ya yi sallama ya shigo. Bai ko zauna ba ya tsaya yana kasa kunne, ya ce, "Mutumina, janaretan maƙwabcinka ne ya shaƙe, ko sifikarka ce ta fashe?" Na ce masa kiɗa ne. Ya karɓi wayar ya duba suna, ya ga an rubuta Space Ritual, sai ya ajiye ta kamar ya taɓa garwashi. "A'uzu billahi! Yanzu har waƙar matsafa kake ji?"

Dariya na yi a lokacin, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi ya fara ba. Ko a Ingila inda aka haifi wannan kiɗa, an daɗe masu sharhin waƙa suna yi wa ƙungiyar Hawkwind, masu wannan faifai, kallon 'yan hayaniyar da ba su iya komai ba. Yau ma in ka tambayi masu jin kiɗan Turawa wane faifai ne sarkin kiɗan sararin samaniya, yawancinsu The Dark Side of the Moon na Pink Floyd za su ambata maka.

Ni ban yarda ba. A ganina Space Ritual, wanda ya fito a watan Mayun 1973, wata biyu bayan na Pink Floyd, shi ya fi cancantar wannan rawani. Kuma abubuwan da ake kushe shi da su, wato ƙara da maimaici da rashin kwalliya, su ne suka ba shi cancantar.

'Yan ɗaukar kaya da suka hau dandali

A 1969 aka kafa Hawkwind a unguwar Ladbroke Grove da ke yankin Notting Hill a yammacin Landan. Wanda ya san Notting Hill ta yau, inda attajirai ke rububin gidaje, zai yi mamaki in aka ce masa a wancan zamani unguwar talakawa ce: tsofaffin gidaje masu yoyo, baƙi 'yan Karibiyan, matasa marasa aikin yi da suke kwana a gidajen da aka yi watsi da su. A 1970 aka buɗe babbar gadar mota ta Westway, wadda aka rushe gidajen mutane aka ɗora ta a kan unguwar. A ƙarƙashin wannan gada Hawkwind suka riƙa yi wa jama'a kiɗa kyauta.

Jagoransu Dave Brock mawaƙin bakin titi ne, da jitarsa yake neman na abinci a wajen masu wucewa. Nik Turner mai busa saksofon da sarewa, da Dik Mik mai na'urar ƙara, da farko ɗaukar kaya aka kawo su yi. Del Dettmar ma daga aikin kula da kaya ya koma kan dandali. Lemmy, wanda daga baya duniya ta san shi, ya taɓa yi wa shahararren mai jita Jimi Hendrix ɗaukar kaya, kuma ranar da ya fara kaɗa jitar bas a Hawkwind a 1971 bai taɓa riƙe ta a matsayin sana'a ba. Ka ga ƙungiya ke nan da rabinta yaran kaya ne.

Abin da ya fara fito da sunansu ma ba faifai ba ne. A babban bikin kiɗa na tsibirin Wight a 1970, inda aka kewaye fili da shinge ana karɓar kuɗin shiga, su a waje suka kafa kayansu suna yi wa waɗanda ba su da kuɗin tikiti.

Sai arziki ya faɗo musu ta inda ba su zata ba. Waƙarsu "Silver Machine", wato injin azurfa, wadda aka ɗauka a wani taron tara kuɗin taimako a zauren Roundhouse a Fabrairun 1972, ta hau har mataki na 3 a jerin waƙoƙin Birtaniya. Da kuɗin wannan waƙa suka shirya rangadin da ya haifi Space Ritual. Abin da ya fi burge ni a labarin shi ne, Robert Calvert, ɗan ƙungiyar da ya rubuta baitocin, ya ce injin azurfar da ake ta kururutawa, wanda kowa ya ɗauka kumbo ne, kekensa ne na yarinta. Keke! In kana neman Hawkwind a taƙaice, to ga su nan: mutum a kan keke yana rantsuwa zai kai ka taurari, kuma in ka hau sai ka ji kamar da gaske ne.

Kwana uku bayan dawowar Apollo

A dare biyu aka ɗauki faifan, a gaban jama'a. Na farko ranar 22 ga Disambar 1972 a Liverpool Stadium, wani zauren dambe da kokawa. Na biyu ranar 30 ga watan a Brixton Sundown a kudancin Landan, tsohon gidan silima. Faifai biyu ne a kwali guda, fuska huɗu, kusan awa ɗaya da rabi. Ya kai mataki na 9 a Birtaniya. Kuma sun ƙi saka "Silver Machine" a ciki, waƙar da ita kaɗai ce mutanen gari suka sani.

Ku dubi waɗannan ranaku da kyau. Kumbo Apollo 17, tafiya ta ƙarshe da ɗan Adam ya taka wata, ya faɗo tekun Fasifik ranar 19 ga Disambar 1972. Kwana uku bayan nan Hawkwind suka hau dandali a Liverpool. Ita kuwa Birtaniya, rokarta Black Arrow ta harba tauraron ɗan Adam Prospero daga Woomera ta Ostireliya a Oktoban 1971, alhali tun kafin harbin gwamnati ta riga ta soke shirin saboda kuɗi. A farkon 1972 marasa aikin yi a ƙasar sun haura miliyan ɗaya, masu haƙar kwal sun shiga yajin aiki, ana ɗauke wuta unguwa-unguwa.

To ɗan leburan Liverpool da ya girma yana kallon Amurkawa a talabijin suna tsalle a kan wata, an ce masa wannan ce gobensa, sai ya wayi gari an naɗe tabarmar. Shi da sama sai kallo. Wannan yaro aka yi wa Space Ritual. Ya biya kuɗi kaɗan, ya shiga zauren dambe, aka kashe fitilu, aka ce masa ya ɗaura ɗamara jirgi zai tashi.

"Ai hayaniya ce kawai, abu ɗaya suke ta maimaitawa"

Wannan ce suka ta farko, kuma ita ce ta abokina. Abin dariyar shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Na'urar da Dik Mik yake murɗawa ba kayan kiɗa ba ce tun asali, na'urar gwaji ce irin ta masu gyaran rediyo, kuma sunanta a Turanci ma janaretan sauti. Yana ratsa ƙararta ta cikin na'urar amsa-kuwwa, sai ta riƙa fito tana hawa tana sauka kamar iskar hunturu ta ratsa kwanon rufi.

Maimaici kuwa, ba na musu. Ɗauki "Born to Go", waƙar da ke tada jirgin bayan 'yar gabatarwa. Kusan minti goma ana tafiya a kan 'yan sautuka ƙalilan. Simon King yana dukan ganga a miƙe ba lanƙwasa. Lemmy, da yake asalinsa ɗan jitar rakiya ne, yana kaɗa bas kamar yana kaɗa ƙaramar jita, igiya biyu uku a lokaci guda, shi ya sa ƙasan kiɗan ya yi kauri kamar tuwon dawa. "Brainstorm" haka, "Orgone Accumulator" haka, "Master of the Universe" haka.

Amma tun yaushe maimaici ya zama rashin iyawa? Mu dai bai kamata mu faɗi haka ba. Mata uku a kan turmi suna lugude, abu ɗaya suke maimaitawa, amma wanda ya tsaya ya saurara ya san babu dukan da ya yi daidai da na bayansa. Mai gangar noma ba ya canza kiɗa kowane minti, domin aikinsa ya ɗauke wa mai garma gajiya har ya kai ƙarshen kunya bai sani ba. Makaɗin dambe yakan tsaya a kan take guda har sai tsikar jikin ɗan wasa ta tashi. Ba a tambayar irin wannan kiɗa sautuka nawa ya tara. Ana tambayarsa ne ko ya kai mutum inda aka nufa.

Wanda ya taɓa yin tafiyar dare a babbar mota daga Kano zuwa Legas ya san abin da nake nufi. Awa ta farko ƙarar inji tana damunka. Can tsakar dare sai ka daina jin ta a matsayin ƙara, ta zama ƙasar da tunaninka ke tafiya a kai, har in direba ya kashe mota a wani tasha sai shirun ya firgita ka. Haka aka gina Space Ritual. Ganga da bas da jitar Brock su ne injin. Saksofon ɗin Turner da na'urorin Dik Mik da Dettmar su ne abubuwan da ke wucewa ta taga. Shi ya sa babu tsayawa tsakanin waƙa da waƙa, babu "mun gode Liverpool", babu hira da 'yan kallo. Jirgin da ke tafiya ba ya tsayawa a tafa masa.

Kuma ba su kaɗai ke wannan tunani a lokacin ba. A Jamus ƙungiyar Neu! tana yin irin wannan ganga mai tafiya a miƙe, kuma Dave Brock ne ya rubuta bayanin bayan kwalin faifansu na farko da aka fitar a Birtaniya. Wato sun san abin da suke yi. Zaɓi ne, ba gazawa ba.

Zan yarda da abu guda: Nik Turner ba gwanin busa ba ne in za a auna shi da ma'aunin 'yan jaz. Wani lokaci busarsa kamar agwagwa ta faɗa rijiya. Muryar Brock ma siririya ce, ba ta da wani daɗi na musamman. In aka raba su ɗaya-ɗaya babu wanda zai ci gasa, sai dai ko Lemmy da King. Amma miya ba a ɗanɗana ta daddawa daban gishiri daban.

Batun "tsafi" da mai rawa

Kalmar "ritual" da ta tsorata abokina, a Najeriya mun san inda take kai tunani: masu yankan kai don kuɗi. A Turancin Ingila ma'anarta ta fi haka faɗi, ta haɗa duk wani biki mai tsari da ake bi daki-daki, har naɗin sarauta. Babu abin bauta a faifan nan, babu kiran wani aljani. Labarin da Calvert ya tsara shi ne na matafiya da aka kwantar da su dogon barci a cikin kumbo, suna mafarki yayin da jirgin ke ratsa sarari. Mai zanensu Barney Bubbles ya ɗauko tsohon tunanin Girkawa na cewa taurari suna da nasu sautin, ya tsara dandalin da launukan sifikoki a kan haka. Wasan kwaikwayo ne da fitilu, irin na matasan da suka cika cikinsu da littattafan almarar kimiyya.

Inda ba zan yi wa kowa kwana-kwana ba shi ne batun Stacia, mai rawar ƙungiyar, wadda ta sha hawa dandali da fenti a jiki ba tare da sutura ba, kuma zanen da ke kan kwalin faifan ma siffar mace ce a haka. Wannan ba tarbiyyarmu ba ce, ban kuma zo in wanke shi ba. Abin da zan ce kawai, faifai kunne ake ba shi. Na shekara ina jin sa kafin in san da wata mai rawa, kuma sanin bai ƙara wa kiɗan komai ba, bai rage masa ba.

Ƙwaya

Wannan ce sukar da ta fi nauyi, kuma duk mai kare Hawkwind da ya tsallake ta maƙaryaci ne. Sun sha ƙwaya, ba a ɓoye ba. Wasunsu masu sa maye da gane-gane, Lemmy da Dik Mik kuma masu hana barci. Mu da muka ga abin da kodin da tiramol suka yi wa unguwanninmu, har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, ba ma buƙatar wani ya yi mana lacca a kan inda wannan hanya take ɓullewa.

Akwai masoyan faifan da ke cewa sai ka sha wani abu za ka gane shi. Wannan maganar banza ce, kuma cin fuska ne ga faifan kansa. Ni da shayi nake jin sa. In kiɗa sai da maye yake aiki, to mayen ne ke aiki, kiɗan ɗan rakiya ne. Abin da ke riƙe mutum a "Born to Go" hannun Simon King ne da bai karkace ba tsawon minti goma, kuma wannan aikin gumi ne da atisaye da ɗaruruwan wasanni a garuruwa.

In ma ana son a san abin da ƙwaya ta yi wa Hawkwind, a dubi abin da ya biyo baya. A Mayun 1975, suna rangadi, aka kama Lemmy a kan iyakar Amurka da Kanada da garin ƙwaya a jikinsa. An sake shi, amma abokansa suka kore shi. Shi da kansa ya riƙa cewa ba don yana sha aka kore shi ba, don dai irin tasa ba irin tasu ba ce. Ya koma Landan ya kafa Motörhead, sunan da ya ɗauko daga waƙar ƙarshe da ya rubuta wa Hawkwind, ya kuma fi su suna nesa ba kusa ba. Su kuma ba su ƙara samun inji irin na 1972 ba. Ƙwayar da ake cewa ita ta yi faifan, ita ta wargaza mutanen da suka yi shi, shekara biyu kacal bayan fitowarsa.

"Gudun duniya ne"

Wasu kuma sukarsu ta siyasa ce. Suna cewa mutane na fama da rashin aiki da tsadar haya, ku kuna waƙar taurari. Da ma a ce sun saurari abin da ake faɗa a tsakanin kiɗan.

A wurare da dama kiɗa yakan lafa, Calvert ya fito yana karatu da murya mai sanyi kamar mai sanarwa a filin jirgi. Biyu daga cikin waɗannan rubuce-rubuce na Michael Moorcock ne, marubucin almara kuma maƙwabcinsu a Ladbroke Grove. "Black Corridor" daga littafinsa na 1969 aka ciro shi, kuma abin da yake cewa shi ne sararin nan ba shi da iyaka, duhu ne, sanyi ne, bai san da kai ba, ba ya ƙin ka kuma ba ya son ka. Wannan ba maganar mai tallan aljannar duniya ba ce.

"Sonic Attack" ya fi shi ɗaci. Kwaikwayon sanarwar gwamnati ne, irin wadda ake shirya wa 'yan Birtaniya a zamanin yaƙin cacar baka kan abin da za su yi in an jefo makamin nukiliya. Muryar hukuma, cikin ladabi da natsuwa, tana ba ka shawarar ka ceci kanka ka manta da kowa, har iyalinka. Duk wanda ya taɓa jin kakakin gwamnati a rediyo yana cewa a kwantar da hankali komai na tafiya daidai, alhali ana jin harbi a bayan gari, zai gane wannan murya tun kafin a fassara masa.

Kuma 'yan watanni bayan fitowar faifan suka saki waƙar "Urban Guerrilla", a kan ɗan tawayen cikin birni. Ta fito daidai lokacin da 'yan tawayen IRA na Ayalan suka fara tada bama-bamai a Landan, BBC ta ƙi saka ta, aka janye ta daga kasuwa. Za ka iya cewa wauta ce, ni ma ina ganin akwai wauta a ciki. Amma ba za ka ce mutanen da suka yi ta ba su san abin da ke faruwa a titi ba.

To, Pink Floyd fa?

Kada a fahimce ni a karkace. The Dark Side of the Moon babban aiki ne. An ɗauke shi a ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road cikin watanni, an goge shi har yana ƙyalli, ya yi sama da mako 700 a jerin faifan Amurka. Pink Floyd kuma suna cikin waɗanda suka share wannan fage tun 1967 da "Astronomy Domine" da "Interstellar Overdrive".

Sai dai ka saurari abin da faifan 1973 ɗin yake magana a kai: kuɗi, lokaci, tsufa, mutuwa, taɓin hankali. Duk harkokin ƙasa ne. Watan da ke sunansa misali ne kawai. Faifai ne na mutumin da ya zauna a kujera mai laushi yana tunanin rayuwarsa, kuma ya yi kyau a haka. Space Ritual kuwa ba ya ba ka labarin tafiya, cusa ka yake a ɗakin inji ya rufe ƙofa. Har na'urar haɗa sauti iri ɗaya ƙungiyoyin biyu suka yi amfani da ita, VCS3 ta kamfanin EMS na Landan. A hannun Pink Floyd ta zama kayan ado, kowane sauti a muhallinsa. A hannun Del Dettmar ta zama kamar wayar wuta ta tsinke tana tartsatsi. Kumbo na gaskiya, wanda aka cika da mai aka cinna wa wuta a gindi, wanne ya fi kama da shi?

Akwai kuma batun gaskiyar ɗauka. An ɗan yi wa Space Ritual gyare-gyare, an datse wasu waƙoƙi don su shiga fuskar faifai, amma abin da kake ji mutane ne a ɗaki guda suna tura juna, in ɗaya ya yi tuntuɓe sauran su ɗauke shi. A zamanin nan da kwamfuta ke miƙe wa mawaƙi murya, ake kuma haɗa kiɗa ba tare da makaɗi ko ɗaya ya yi gumi ba, wannan tuntuɓen ya ƙara daraja a kunnena.

Mu ina ruwanmu?

Ita ce tambayar ƙarshe da abokina ya yi, kuma ba zan ƙirƙiro dangantakar da babu ita ba. Hawkwind 'yan Ingila ne, damuwarsu ta Ingila ce. Amma zamanin kumbo bai tsallake mu ba. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA tana da tashar bibiyar kumbo a Kano, wadda ta yi aiki a shirin Mercury na harba mutum sararin samaniya. Kuma da Amurkawa suka sauka a wata a 1969, Alhaji Mamman Shata ya yi wa kumbo Apollo 11 waƙa, da kalangu da 'yan amshi. Shi ma bai da roka. Abin da yake da shi kiɗa ne mai tafiya a kan take guda, kuma da shi ya ɗauki masu sauraronsa ya kai su. Ban ce kiɗansu ɗaya ba ne, ko kusa. Na ce dai buƙatar ɗaya ce, ta mutumin da aka bar shi a ƙasa yana ɗaga kai.

Akwai kuma zare guda na zahiri. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, ya ratsa Sahara a mota ya zo Najeriya, ya zauna a Legas shekaru, ya gina ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja, ya yi faifai da Fela Kuti a 1971. Fela kuwa a shekarun nan waƙa ɗaya yake shimfiɗawa ta cinye fuskar faifai sukutum, a kan kiɗan da ke juyawa wuri guda, kuma ban taɓa jin wanda ya ce mai gangarsa Tony Allen bai iya ganga ba don yana maimaici. Wannan Baker ɗin shi ne ya zauna a kujerar gangar Hawkwind a 1980, ya yi musu faifan Levitation. Bai daɗe ba suka ɓata, da ma shi ba ya daɗewa da kowa.

Ɓatawa kam ita ce sana'ar Hawkwind ta biyu. Mutanen da suka shiga suka fita sun kai gommai. Calvert, wanda ya yi ta fama da taɓin hankali har aka sha kwantar da shi a asibiti, ya rasu a 1988 yana da shekara 43. Barney Bubbles ya riga shi, a 1983. Lemmy ya tafi a 2015, Dik Mik a 2017, Turner a 2022. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne Brock da Turner, waɗanda suka tsaya a bayan shinge a 1970 suna kiɗa kyauta don ba su yarda a sayar da kiɗa da tsada ba, su ne suka ƙare a gaban alƙali, a Ingila da kuma Amurka, suna shari'ar wa ke da ikon amfani da sunan Hawkwind. Brock ya yi nasara. Turner ya koma ya raɗa wa tasa ƙungiyar suna Space Ritual.

Brock, wanda aka haifa a 1941, ya haura shekara 80 yana jan ƙungiyar, yana fitar da sababbin faifai. Na saurari wasu, ba laifi. Amma in na tashi ji, daren Liverpool da na Brixton nake komawa, kuma daga farko nake farawa, ba na tsallake ko ɗaya. Abokina ya sake zuwa makon jiya ya tarar da ni a tsakiyar "Brainstorm". Ya zauna ya sha shayinsa, ya jure wajen minti huɗu, sannan ya ce in rage ko ya tafi. Na rage.